Ku Tambaya: Wai me ƙirƙirarriyar basira ta tsinana wa talaka?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk akan ƙirƙirarriyar basira ne, wato AI, fasahar koya wa na'ura yin aikin da ke buƙatar tunani, da kuma mutum-mutumi, sai na tsinci waɗanda naga zasu amfani mutane dayawa, na ɗan taƙaita wasu saboda tsawo.

Daga wani malamin firamare, Funtua: Malam kullum sai zuzuta abun nan akeyi a rediyo, ni kuwa iyakar abunda na gani yara na sa ta tana rubuta musu aikin gida, samari kuma na haɗa hotonsu jingine da motar da ko tayarta basu mallaka ba. Dan Allah banda wannan akwai abunda ta tsinana wa talaka?

Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ku. Abunda kake gani a hannun yaran nan ChatGPT ne da ire-irensa, wanda ya fito a Nuwamban 2022 ya cika duniya da surutu, amma binciken wannan fanni ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma ɓangaren da yafi amfani ma baya hira da kowa. Ka ɗauki dillalin shanu a kara wanda ya tsufa a harkar, daga nesa zai hango sa yace maka wannan ya kai kaza, wancan kuma akwai ciwo a jikinsa kar ka taɓa, in kace ya bayyana maka yadda ya gane ba lallai ya iya ba, ido ne kawai da ya ga dubban shanu. To haka ake yiwa na'urar, a ɗura mata hotuna masu ɗimbin yawa ana ce mata wannan ganyen lafiyayye ne wannan mai cuta ne, har ta kai in taga sabon hoto ta faɗa da kanta. Akwai manhajar Nuru da masu bincike na jami'ar Penn State a Amurka sukayi tare da cibiyar binciken noma ta IITA, ka haska ganyen rogo ko masara da kyamarar waya ta gaya maka cutar da ke jiki, ko kuma ɓarnar tsutsar nan ce da ta shigo mana a 2016 take cinye zuciyar masara, kuma ko babu sabis tana aiki.

Sai dai fa dillalin nan in ka kai shi kasuwar raƙuma zai yi ta zuba maka kuskure, ita ma haka, bambancin kawai shi zai iya cewa ban sani ba, ita kuwa da wuya ta faɗi haka. A 2018 Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana da ke bincike a jami'ar MIT, ta gwada manhajojin manyan kamfanoni masu duba fuska su faɗi namiji ne ko mace, akan farar fata namiji kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba, akan mace baƙar fata kuwa wata manhajar ta kai wajen kashi 35. Ba wai na'urar ta tsani baƙar fata bane, hotunan da aka koyar da ita dasu ne yawanci ba namu ba. Ka biyo ni sauran amsoshin zakaga inda ta tsinana da inda ta ɓata.

Daga wata ungozoma, jihar Katsina: Malam wata abokiyar aikina ce take bani labarin wai akwai jirgi mara matuƙi da ke kai jini asibitocin ƙauye. Mu nan in mace ta haihu jini ya ɓalle sai dai a nemi mota a kama hanyar babban asibiti, da damina kuwa Allah kaɗai ya san yadda muke. Da gaske ne ko labarin intanet?

Malama da gaske ne, kuma ba nesa dake ba ma. Kamfanin Zipline na Amurka ne ya fara a Ruwanda a Oktoban 2016, ya shiga Ghana a 2019, cikin cibiyoyinsa a can har da ɗaya kusa da Walewale a arewacin ƙasar, sannan a 2022 ya fara aiki a jihar Kaduna daga Pambegua. Yadda akeyi, ma'aikacin lafiya zai tura saƙo ta waya yace ina buƙatar jini rukuni kaza, a cibiya a ɗauko daga firij a sa a ɗan akwati a cusa a cikin jirgin, shi jirgin mai fukafukai ne da batir yake aiki, a ɗora shi akan wani ƙarfe a harba shi sama, ya kama hanya da gudun wajen kilomita 100 a awa ba kowa a ciki, in ya iso baya sauka, sai ya sako akwatin da 'yar lemar takarda ya faɗo a filin asibiti, a turo miki saƙo ki fito ki ɗauka, shi kuma ya juya gida inda wata igiya zata cafko shi ta wutsiya. Abunda yake ɗauka bai kai kilo 2 ba, kuma yana iya zuwa wajen kilomita 80 ya dawo.

Ni abunda yafi burge ni ba tashin jirgin bane, lissafin da ke bayansa ne. Kin fini sanin jini baya ajiyuwa har abada, sati biyar zuwa shida ya tashi aiki, wani ɓangaren nasa ma kwana biyar ne, ga shi yana son sanyi ba yankewa a ƙasar da wuta take yadda take. In aka rarraba wa kowane ƙaramin asibiti sai wani ya lalace a nan alhali can ana nemansa ido rufe, in kuwa aka tara shi wuri ɗaya mai tabbataccen sanyi ana aikawa lokacin da aka nema, asarar sai ta ragu. Wani bincike da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2022 akan Ruwanda ya nuna jinin da ke lalacewa a asibitocin ya ragu da wajen kashi 67 cikin 100 bayan shekara guda da fara amfani da jiragen.

Toh amma kar in cika ki da daɗin baki. Lokacin da majalisar Ghana zata amince da kwangilar a ƙarshen 2018, ta dala miliyan 12.5, ƙungiyar likitocin ƙasar fitowa tayi tace a dakata, hujjarsu asibitoci na fama da ƙarancin ma'aikata da kayan aiki, kuma maganarsu abar dubawa ce. Jirgi zai kawo leda amma bazai gwada jinin mai jego ba, bazai nemo jijiya ya ɗaura ba, kuma in mutane basa bada gudummawar jini babu abunda zai ɗauko tun farko, mu kuwa har yanzu sai abu ya faru ake bin dangi ana roƙo ko a nemo masu sayarwa a bakin get. Dalilin da yasa baku dashi kuma kuɗi ne, gwamnati ce ke shiga yarjejeniya ta riƙa biya, don haka wannan tambayar ku kaita ma'aikatar lafiya ta jiharku ta hannun ƙungiyarku, ku haɗa da adadin matan da kuka tura babban asibiti saboda jini a shekara, takarda mai lamba tafi kuka tasiri a ofis.

Daga wata uwargida, Kano: Malam maigidana ya daɗe yana tari, sai wata motar asibiti tazo unguwarmu aka ɗauke shi hoton ƙirji, ko minti biyar ba ayi ba aka ce wai kwamfuta ta ga alama ya bada kaki. Shi yace bazai yarda da maganar kwamfuta ba tunda ba likita ne ya duba ba. Ya zanyi?

Hajiya Allah ya ba maigida lafiya, ki lallaɓa shi ya bada kakin nan yau ba gobe ba. Kwamfutar bata ce yana da tarin fuka ba, kuma ba aikinta bane ta faɗi haka. Manhajoji ne irinsu CAD4TB na wani kamfanin Holan da qXR na wani kamfanin Indiya, an koyar dasu da hotunan ƙirji masu yawan gaske, in aka ɗauki sabo sai su bashi maki, in makin ya haura wani mizani sai ace wannan a gwada kakinsa. Hukunci yana wajen gwajin kakin, wanda ake sawa a na'urar GeneXpert ta nemo ƙwayar cutar kanta cikin kamar awa biyu, har ta faɗi ko irin mai bijire wa magani ce. Hukumar lafiya ta duniya ta amince da wannan hanya tun 2021 ga wanda ya kai shekara 15 zuwa sama, bayan an kwatanta aikin manhajojin da na ƙwararrun masu karanta hoto aka ga suna tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Kuma ki gaya masa likitan da yake so ya duba ɗin, masu wannan ƙwarewar 'yan kaɗan ne kuma yawanci suna manyan asibitocin birni, in za a jira su duba hoton duk wanda aka ɗauka a unguwanni to sai a shekara ana jira, alhali Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu cutar kuma dayawa suna yawo da ita basu sani ba. Manhajar tana kuskure, tsohon tabo a huhu ko wani ciwon daban kan sa ta ɗaga maki, shi yasa ma ake bi da gwaji. In ya fito babu alhamdulillahi, sai a nemi dalilin tarin. In akwai, maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wata shida ake sha ba fashi ko da yaji ya warware, kuma ke da yara sai a duba ku.

Daga wani mai unguwa, jihar Bauchi: Malam duk lokacin da aka ce a kawo sunayen mabuƙata don tallafi sai na zama abun zagi, wanda bai samu ba yace na sa 'yan uwana. Wani ɗana yace yanzu kwamfuta na iya zaɓo talakawa da kanta. In haka ne ai gara a bata mu huta.

Ranka ya daɗe, ɗanka bai yi ƙarya ba, an taɓa yi a Togo. Lokacin korona a 2020 gwamnatinsu ta fito da shirin tallafi ta waya mai suna Novissi, da aka zo faɗaɗa shi zuwa karkara babu cikakken rajistar da zata nuna wane ne talaka, sai suka haɗa kai da masu bincike na jami'ar Berkeley da ƙungiyar GiveDirectly. Da farko aka ba na'ura hotunan tauraron ɗan adam tana duba irin rufin gidaje da hanyoyi da sauransu, aka fitar da gundumomi 100 da suka fi talauci. Sannan a cikinsu aka duba yadda kowa ke amfani da layinsa, nawa yake sa kati, yana sayen data ko baya saya, yana kiran ƙasar waje, kuɗi na shiga asusun wayarsa ko a'a, aka kwatanta da na mutanen da aka riga aka yiwa tambayoyi aka san halin da suke ciki. Wanda na'ura ta lissafa cikin mafi talauci in yayi rajista sai kuɗi ya faɗo wayarsa ba tare da ya durƙusa wa kowa ba.

Da masu binciken suka buga sakamako a mujallar Nature a 2022 basu ɓoye ba, sunce hanyar tafi a raba wa yanki kacokan, ta rage tsallake mabuƙata da kashi 4 zuwa 21 cikin 100, amma da ace akwai ingantaccen rajista na gida-gida to shi ya fi ta. Kuma kai kanka ka san tsohuwar da ke bayan masallaci wadda tafi kowa buƙata ko waya bata da ita, ga gidan da mutum biyar ke amfani da layi ɗaya, ga attajirin da baya sa katin da ya wuce na ɗari biyu saboda maƙo, duk waɗannan na'ura bata san dasu ba kai ka sani.

Abunda yasa ma nake jin tsoron kalmar nan taka ta a bata mu huta shine abunda ya faru a Holan. Hukumar harajinsu tayi amfani da manhaja wajen zaƙulo waɗanda ake zargi da cutar gwamnati a kuɗin tallafin renon yara, ashe cikin abubuwan da ke ɗaga zargi har da kasancewar mutum yana da wata ƙasar ta biyu, aka bi iyalai sama da 20,000 aka ce su dawo da kuɗi masu yawa alhali basu ci komai ba, wasu suka talauce wasu aure ya mutu, in sunje ofis kuma babu mai sauraronsu, har sai da gwamnatin firaminista Mark Rutte gaba ɗaya tayi murabus a Janairun 2021. Kai in ka tsallake mutum ya san ƙofar gidanka, zai zo ya zage ka ko ya kai ƙara wajen hakimi, kuma sau dayawa a gyara. In za a kawo na'ura ni shawarata ta fitar da nata jerin, ku kuma ku karanta shi a bainar jama'a, a bar ƙofa ga wanda aka tsallake ya kawo kuka wajen mutum mai suna da ofis. Zagin dai bazai ƙare ba ranka ya daɗe, sai dai ya ragu.

Daga wani manomin shinkafa, Auyo: Malam ance Google na sanin ranar da ruwa zai zo. Mu da ambaliyar 2022 ta cinye mana gona ina zamu ga wannan?

Allah ya mayar da alheri ɗan uwa, waccan shekarar sama da mutum 600 aka rasa a faɗin ƙasa, sama da miliyan suka bar gidajensu, Jigawa kuma na cikin inda abun yafi muni. Shafin sunansa Flood Hub, kyauta ne, sun fara gwada fasahar a Indiya a 2018 daga baya suka faɗaɗa zuwa ƙasashe 80 a 2023 har da Najeriya. Yana haɗa hasashen ruwan sama da tarihin cikar koguna da yanayin ƙasa, ya nuna a taswira inda ake sa ran kogi zai tumbatsa har zuwa kwana bakwai gaba. Ka sa yaro mai babbar waya ya buɗe ya duba ko akwai alama kusa daku.

Amma ka riƙe shi da hannu ɗaya. Cikar kogi daga ruwan sama yake hasashe, ku kuwa kogin Haɗeja akwai dam ɗin Tiga da na Challawa a samanku wanda mutane ne ke yanke shawarar sakin ruwa, ga ciyawar kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa ta sa yake bi ta inda bai saba ba. Ɓallewar dam irin ta Alau da ta shanye Maiduguri a Satumban 2024 ma ba irin abunda aka gina shi ya hango bane. Don haka ka haɗa da sanarwar hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar NIHSA mai lura da cikar koguna da abunda ake faɗa a rediyo. Sannan gargaɗin kwana bakwai zai sa ka kwashe buhuna da dabbobi da iyali, amma shinkafar da bata nuna ba babu inda zaka kaita, wannan kuma maganar irin da ke nuna da wuri ce da yashe kogi da inshora, ba maganar waya ba.

Daga wani ɗan kabu-kabu, Maraɗi: Malam naga bidiyon mota na tafiya ba direba. Kenan mu tamu ta ƙare?

Kwantar da hankalinka ƙanena. Motocin kamfanin Waymo ne, suna ɗaukar fasinja a Phoenix tun 2020 da wasu biranen Amurka, amma sai an zana musu taswirar kowane titi dalla-dalla, ga na'urori masu tsadar gaske a jikinsu, ka kawo ta bakin kasuwa ranar cin kasuwa inda amalanke da jaki da babur ke rabon hanya ka gani in zata motsa. Mutum-mutumi yafi ƙarfi a wuri mai tsari, shi yasa kamfanin Amazon mai sayar da kaya ta intanet ke da su sama da miliyan 1 a rumbunan kayansa. Ko waɗanda injiniya Thérèse Izay ta kafa a Kinshasa babban birnin Kongo tun 2013 suna bada hannu a titi, dogaye masu aiki da hasken rana, a tsaye suke wuri ɗaya suna juyi da nuna ja da kore. Wanda ya kamata ya damu kafin kai shine mai aikin zama da kwamfuta, mai buga takardu, mai fassara, mai amsa kiran kwastoma. Kuma sabbin ayyukan da ake cewa zata kawo ba duka ne na alfahari ba, a 2023 mujallar Time ta fallasa yadda ake biyan matasan Kenya ƙasa da dala 2 a awa suna karanta munanan rubuce-rubuce suna tantancewa don a tsabtace ChatGPT.

Daga wata ɗaliba, Sakkwato: Malam ina aji biyu a jami'a ina karanta lissafi, inaso in shiga wannan fanni amma laftof ɗina tsohuwa ce kuma ban san kowa ba.

Ƙanwata ai kin riga kin riƙe abunda yafi wuya, aljabara da ƙididdigar da kike yi sune ƙashin bayan abun, saura ki koyi Python, yaren da ake rubuta manhaja da shi. Tsufar laftof ba matsala bace, Google Colab na ara miki kwamfuta mai ƙarfi ta intanet kyauta, shafin Kaggle kuma na da gajerun darussa da bayanan gwaji, data ce kawai zata ci. Na rashin sanin kowa kuma, ki nemi Arewa Data Science Academy da HausaNLP, 'yan gida ne, da Masakhane da ta haɗa masu bincike akan harsunan Afirka, akwai kuma cibiyar ƙirƙirarriyar basira ta NCAIR da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta buɗe a Abuja a 2020 da shirin 3MTT na gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani. In kin fara, kar ki tsaya kan misalan da ke cikin darasi na farashin gidajen Amurka, ki je kasuwa ki riƙa rubuta farashin albasa da gero duk sati, ko ki roƙi wani asibitin sha-ka-tafi ki taya su maida rajistarsu ta takarda zuwa kwamfuta da izinin hukuma ba tare da sunayen mutane ba, irin wannan bayanan ne babu su kuma duk mai bincike nemansu yake. Wanda duk yace ki biya dubu hamsin zai maida ke ƙwararriya cikin sati biyu ki riƙe kuɗinki ki sayi data.

Mai tambaya akan batirin sola da ke mutuwa kafin asuba, da mai son sanin ko a sayi waya ta hannu, naku sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.